Sanda Ɗaya, Kofato Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwana na wannan shafi. Na ga saƙonninku, wallahi na gani. "Bahijja ina labarin Juma'a?" "Bahijja ko an kai ki ne ba mu sani ba?" Wata ma cewa ta yi na samu miji na watsar da ku. Ban watsar ba. Kunya ce ta riƙe min hannu kwana tara, domin abin da zan faɗa yau laifina ne ni kaɗai. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Bahijja Muhammadu Lawal, haifaffiyar Kazaure, shekarata ashirin da biyar. Aikina zanen taswirar filaye a kwamfuta, a wani ɗan ofishin awo mai ɗaki biyu.

Amma kafin na kai ku Juma'a, ku yi haƙuri mu biya ta barandar gidanmu, shekara goma sha biyar baya.

Abbana, Allah ya jiƙansa, Lawal Mai-awo ake ce masa tun daga Babura har Roni. Da hannu yake zane, lokacin kwamfuta ba ta shigo ofisoshinsu ba. In ya dawo masallaci da asuba ba ya komawa barci. Zai jira gari ya waye tas, sannan ya jawo teburinsa baranda, wai hasken safe ne kaɗai ba ya yi wa ido ƙarya. Ni ce mai fiƙe fensir. Ni ce mai danne kusurwoyin takarda da wasu duwatsu huɗu masu santsi da ya tsinto a bakin dam. Alƙalumansa na tawada guda uku suna cikin wani tsohon gwangwanin alawa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, Umma tana dama kunun tsamiya a madafa. Har gobe in na ji warin tawada sai na ji ina marmarin kunu.

Komai da layinsa a wurin Abba. Iyakar gona miƙaƙƙen layi ne, babu yankewa. Hanyar ƙafa, 'yan gajerun yanka. Burtali kuwa, wato hanyar da ake bar wa shanu su bi tsakanin gonaki, nasa daban ne: dogon ja ɗaya, ɗigo biyu dab da juna, dogon ja, ɗigo biyu, haka har ƙarshen takarda. Kuma bai taɓa rubuta sunansa a jiki ba.

"Abba, me zai hana ka rubuta burtali kawai ka huta?"

"Wa zai karanta, uwata? Masu hanyar ba su yi boko ba. Layin ne zai yi musu magana."

"To me ya sa ɗigo biyu? Me ya hana uku?"

Sai ya yi dariya ya ɗiga min tawada a bayan hannu. "In kin girma ki tambayi mai shi."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Ina aji uku na sakandare ya rasu, Umma ta ninke kayansa da takardunsa ta zuba a baƙar adaka ta sa kwaɗo. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ta bar kowa ya taɓa ko hula ɗaya ba. Ni kuma ban sake samun wanda zan tambaya ba.

Da na gama difloma, abokin aikin Abba ne ya ɗauke ni. Sunansa Bartholomew, amma duk Kazaure Oga Bato ake ce masa. Mutumin Kafanchan ne, ya fi shekara talatin a garin nan, kuma in yana zuba Hausa sai ki rantse a nan aka yanke masa cibiya. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum 'Yar Lawal.

A ofishin nan na haɗu da Zaharadeen, ranar da ya zo a auna masa filin da zai gina shagon maganin dabbobi. Malamin dabbobi ne, dogo, mai sanyin magana, ɗan wasu Fulani da suka daɗe da zama a gefen Gwiwa suna kiwo suna noma. Shi ya raɗa min suna Injiniya, ni kuma na rama da Likita. Kun dai san yadda Umma ta matsa min tun da na baro makaranta. Duk bikin da ta je sai ta dawo fuska a ɗaure.

"Sa'anninki suna yaye na biyu, ke kina nan kina auren kwamfuta. Ni dai na gaji da amsa tambayar mutane."

Don haka ranar da aka tsayar cewa iyayen Zaharadeen za su zo neman aurena ranar Juma'a, Umma har guɗa ta yi a madafa, ta zaci ban ji ba. Wanda zai karɓe su shi ne waliyyina, Baffa Sama'ilu, ƙanin Abba da ke zaune a Gwiwa. Ku riƙe sunan nan da kyau.

Saura mako biyu Juma'ar, aiki ya shigo ofis. Dattawan yankin su Zaharadeen suna son a sabunta musu taswirar burtalinsu, gara ta cinye tasu. Tsawonsa kilomita tara, daga rugage har mashaya, kuma ta nan shanun gidan su Zaharadeen ke bi safe da yamma. Wa ya zana ta farko, shekara ashirin da bakwai da suka wuce? Abbana. Sannan burtalin nan ya ratsa tsakiyar gonar kakanmu da Baffa Sama'ilu ke nomawa, rabi ta kudu rabi ta arewa.

Ranar ce kaɗai Umma ta buɗe adaka. Ta zaro kwafin da Abba ya ajiye wa kansa, ta miƙo min da hannu biyu, ta mayar da kwaɗo ta danna. Takardar ta yi ja, gefenta ya fara karyewa, amma layin na nan raɗau.

Oga Bato ya je ya sake auno wurin, ni kuma na zauna zane. Manhajar da muke aiki da ita tana da layuka kala-kala, masu yanka, masu ɗigo, amma na duba kaf babu na Abba. Zuciyata ta ƙi yarda na sa wa burtalin nan layin kowa da kowa. Sai na tuna Oga ya taɓa nuna min mutum zai iya ƙirƙirar nasa. Za ki buɗe wani ɗan fayil na rubutu, ki raɗa wa layin suna, sannan ki jera lambobi. In kin sa lamba zalla, alƙalami zai ja layi mai wannan tsawon. In lambar na da alamar ragi a gabanta, zai ɗaga ya bar fili. Sifiri kuma ɗigo ne. Iyakar abin ke nan, ita manhajar za ta yi ta maimaitawa.

Na ɗauko rular Abba ta ƙarfe na ɗora a kan takardarsa. Dogon ja, milimita shida. Fili, biyu. Ɗigo, fili ɗaya, ɗigo, fili biyu. Na rubuta su yadda na auna: shida, ragi biyu, sifiri, ragi ɗaya, sifiri, ragi biyu. Sunan layin kuwa LAWAL na sa masa. Na loda shi, na danna gefen burtali, na jawo zanen kusa da idona.

'Yan uwa, sai ga hannun Abbana a kan allon kwamfuta. Dogon ja, ɗigo biyu. Na kifa kai a kan tebur na sha kukana, ba na baƙin ciki ba, na kewa. Da na share ido na ɗauki hoto na tura wa Zaharadeen.

"Likita, ka san wannan?"

"Na san shi mana. Tun ina yaro Baba ke nuna mana shi a tsohuwar takarda. Ke kika yi?"

"A'a, aljanu."

"To a gaida aljanun. A ce musu saura kwana takwas."

Saƙon nan shi ya tuna min Dinatu mai ɗinki ta ce na zo gwaji ƙarfe huɗu, in na makara sai wani makon. Atamfa ce Umma ta saya min, koriya mai zanen ganye ruwan goro, za a yi min doguwar riga da ɗankwali, ga mayafi ruwan madara. Na kwafe zanen a filash ina saɓa jaka. Firintarmu ƙananan takardu kawai take bugawa, manya sai an kai Kano, daga can kuma direba zai wuce da ita wurin dattawan kai tsaye.

Oga Bato ya ɗago daga bayan tabarau. "'Yar Lawal, kin duba yadda zai fita a takarda?"

"Na duba, Oga."

Ban duba ba. Allah na tuba, ban duba ba. Na gan shi a allo ya yi kyau, hankalina kuma yana wurin tela.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu, tun safe ban ji ɗuriyar Zaharadeen ba. Na tura sallama, shiru. Na tura hoton hannun rigar, shiru. Sai bayan azahar wayata ta yi ƙara. Hoto ne, da layi ɗaya a ƙasansa.

"Bahijja, wannan sunanki ne a gindin takardar?"

Yau babu Injiniya, sai Bahijja. Na buɗe hoton. Taswirata ce shimfiɗe a kan tabarma, ga sunana a kusurwa. Amma babu dogon ja, babu ɗigo. Layuka biyu ne miƙaƙƙu, baƙi wuluk, tun daga sama har ƙasa, irin na iyakar gona sak. Burtali ya ɓace.

Na kira shi nan take. Muryarsa a sanyaye ya ba ni labari. Jiya aka taru aka warware takarda. Mahaifinsa, Baba Daudu, ba ya karanta boko, amma ya san layin Lawal. Ya sa yatsa ya bi takardar daga farko har ƙarshe yana nema, ya sake bi, bai samu ba. Ya tambaya wa ya zana, aka karanta masa sunana. Ya sa takalminsa ya tafi. Baffa Sama'ilu kuwa yana wurin. Kafin la'asar ya kafa turaku ya jibge ƙaya a bakunan burtalin biyu, inda ya ratsa gonarsa, ya ce takarda ta nuna gona ce.

"Mutane cewa suke kin share wa baffanki hanya, tunda za ki shigo gidanmu ba mu da bakin magana."

"Kai ma ka yarda?"

Ya ce, "Ni ban yarda ba. Amma Baba ya ce maganar Juma'a a dakata."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga wurin Oga Bato da wayar a hannu, na nuna masa hoton. Bai yi min tsawa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya jawo kujera ya ɗauki biro.

"Shidan nan da kika rubuta, shida na me?"

"Milimita, Oga."

"A takardar ubanki ke nan. Zanenmu da mita yake lissafi, sai ya ɗauka mita shida kike nufi a ƙasa. To kilomita tara za mu cusa a takarda ɗaya, komai sai ya ƙanƙance sau dubu goma. Mita shida ta koma nawa?"

Na lissafa. Ko milimita ɗaya ba ta kai ba. Filin da ke tsakani kuwa ya fi kaurin tawadar ƙanƙanta, sai tawada ta haɗe shi. Layin Abba yana nan a ciki, amma babu idon da zai gan shi.

"Ki ninka shi goma," in ji Oga. "Ni ma da nawa laifin, na yarda da bakinki ban sa idona ba."

Minti biyu gyaran ya ɗauka. Minti biyu kacal, 'yan uwa, da na tsaya na yi ranar Alhamis ɗin nan da Dinatu ba ta ma lura na makara ba.

Na koma gida na tarar da mashin ɗin Baffa a ƙofa. Yana zaune kan kujerar roba a tsakar gida, cikin shaddarsa ruwan toka da ta sha wanki, ƙafarsa duk taɓon gona. Umma na gefe tana ɓare gyaɗa ba ta kallon kowa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ke Bahijja. Na ji an ce Bato zai sake bugo wata takarda."

"Kuskure na yi, Baffa. Burtalin yana nan, layin ne bai fito ba."

"Kuskure? Ni ban ga kuskure ba. Gonar ubanmu ce aka tsaga gida biyu, yau Allah ya haɗe ta. Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa, kin sani? Duk damina sai shanu sun ci min gefe da gefe, ina kallo. Ban roƙe ki ba, ban sa ki ba. Abin da nake so kawai, ki bar takarda yadda take."

"Baffa, ai sunana ne a jiki."

"Sunan wa kike ɗauke da shi in ba namu ba?" Ya miƙe yana gyara hula. "An yi ruwa, jibi zan yi shuka. In kika taɓa takardar nan, to ki nemo wani uban ya karɓi baƙinki."

Kada ku zage shi, don Allah. Baffa ne ya ɗauke ni a mashin ya kai ni rajistar difloma, shi yake kawo mana gero duk kaka ba a tambaye shi ba. Shi ya sa maganar ta fi yi min ciwo.

Da ya fita Umma ta ture tiren gyaɗa. "Ki rufa min asiri, Bahijja. Ki bari a wuce Juma'a, in an ɗaura kya gyara abinki."

"Umma wace Juma'a? Sun ce a dakata. In kuma Baffa ya yi shuka, wa zai iya cewa ya tuge?"

Ta ci gaba da murza ɓawon gyaɗa. Can ta ce, "Ubanki dai bai taɓa jan layin ƙarya ba." Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta ce min yi ba, ba ta ce bari ba.

Talata Oga ya tafi Kano da kansa. Da ya dawo muka shimfiɗa sabuwar takarda a ƙasa, na durƙusa na bi ta da ido taku-taku har mashaya. Ya ce gobe zai kai. Na ce da ni za a je.

"Gidan surukai, 'Yar Lawal? Da ƙafarki?"

"Ba surukai zan je gani ba, Oga. Aikina zan kai."

Baki ne kawai ya faɗa. Ku da kanku kun san abin kunya ne budurwa ta je gaban uban saurayinta tun ba a yi komai ba. Laraba da safe na zura dogon hijabi ruwan toka har ƙasa, ko kwalli ban sa ba, na rungume takardar Abba a cikin jaka. Hanyar Gwiwa ta fara kore, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, mashina na wuce mu ɗauke da buhunan taki. Duk inda muka wuce sai Oga ya nuna: nan motarsu ta taɓa kafewa da Abba, can suka taɓa cin ɗanwake a hannun wata tsohuwa. Ni dai ina jinsa ne kawai.

Mun same su a gindin wata babbar tsamiya, dattawa biyar a kan tabarmi. Ban taɓa ganin Baba Daudu ba sai ranar. Dogo ne siriri, farin gemu, malafa a gefe, sanda a kwance bisa cinyarsa. Zaharadeen yana can nesa, ya duƙa a jikin mashin wai yana gyaran sarƙa. Na durƙusa a bakin tabarma, kaina a ƙasa. Oga ya fara bayani, na ce ya yi haƙuri ya bar ni.

"Baba, ni na ɓata takardar nan. Ba wanda ya sa ni, Baffa bai san komai ba. Ya kamata na duba kafin a buga, ban duba ba. Sauri nake yi."

"Saurin me?" Hausarsa na da ɗan karin Fulatanci.

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. "Wurin tela."

"Tela?"

"Ɗinkin Juma'a, Baba."

Wani tsoho a gefe ya kasa riƙewa, ya tuntsire da dariya har da tari. Baba Daudu bai yi dariya ba. Ya sa aka warware sabuwar takarda, aka danne gefenta da takalma. Ya ɗora yatsa a kan layin ya fara bi a hankali. Dogon ja, ɗigo biyu. Ya bi har ya wuce gonar Baffa, ya kai mashaya. Sannan ya ce a ba shi tsohuwar. Ya jera su ya daɗe yana kallo.

"Hannun Lawal," ya ce. "Inji ma ya iya?"

"Ni na koya masa, Baba. Da rular Abba na auna."

Sai ya ɗauki sandarsa. Ƙasar wurin da danshi. Ya ja dogon layi ɗaya, ya soka bakin sandar sau biyu dab da juna, ya sake ja, ya sake sokawa.

"A nan ne, gindin bishiyar nan. Lawal ya ce min, Daudu, ni ba na son na zana maka hanyar da ba za ka gane ba, nuna min yadda kake so. Na ja sanda haka, na ce wannan ni ne ina tafe. Na soka biyu, na ce wannan kofaton saniya ce tana bina. Ya tsuguna ya kwafa a littafinsa."

Ashe mai shi ke nan. Shekara goma sha biyar ina ɗauke da tambayar nan, ashe amsar tana zaune a gindin tsamiya, kuma ita ce uban wanda nake so. Na ja hijabi na rufe fuska, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Abba.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya juya tsohuwar takardar. A bayanta akwai rubutun ajami layi huɗu da ban taɓa kula da su ba, sunayen shaidu ne.

"Na uku ɗin nan Sama'ilu ne. Yana saurayi lokacin, shi ya riƙe bakin tef ɗin awo tun daga nan har mashaya, kwana uku. Rana ta biyu ƙaya ta yage masa wando tun daga gwiwa har ƙugu, ya maƙale a bayan geza ya ƙi fitowa. Sai da Lawal ya ciro nasa na canji a jaka ya jefa masa." Yanzu kam ya murmusa. Ya naɗe takardar ya miƙo min. "Juma'a muna tafe. Ko akwai mai karɓarmu ko babu, wannan kuma maganar gidanku ce."

Ban kalli inda Zaharadeen yake ba, amma muna shiga mota saƙo ya shigo. "Injiniya, sarƙar lafiyarta ƙalau, ni ne ba lafiya."

Na roƙi Oga ya tsaya ƙofar gidan Baffa. Na same shi a zaure yana gyara irin gero. Na durƙusa na ajiye takardar Abba a kan tabarma, bayanta a sama.

"Baffa, na gyara, na kai musu. Ban zo na ɓoye maka ba. Wannan ta Abba ce, a wurinka ya kamata ta zauna."

Bai kalli takardar ba, bai kalle ni ba. "Kin gama?"

"Na gama."

"To Allah ya kiyaye hanya."

Alhamis ba mu ji daga gare shi ba. Umma ta kira sau huɗu, waya a kashe.

Juma'a dai ta zo. Tun da hantsi aka share zaure aka shimfiɗa sababbin tabarmi da darduma. Waina, miyar taushe, zoɓo mai citta, kunun aya a cikin kula, maƙwabta sun cika madafa. Na sa ɗinkin Dinatu, kuma don haushi, rigar nan ta zauna min ɗas kamar a jikina aka yanka ta. Na ƙule a ɗaki na zauna bakin gado, waya a cinya. Ƙarfe uku saura na ji tsayuwar motoci.

"Injiniya, mun iso."

Babu Baffa. Limamin unguwa ya shiga ya zauna da su don kada a bar baƙi su kaɗai. Uku ta yi. Uku da rabi. Na fara jin ƙus-ƙus ɗin mata ta taga. Umma ta shigo ta fita, ta shigo ta fita, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba. A na ƙarshe ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, ba ta ce ga abin da kika jawo ba, kuma na gode mata da hakan. A raina na riga na gama sallamawa. Na ce da an kira la'asar za su yi sallah su tafi, kuma ba zan ga laifin kowa ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Saƙon murya, daga Baffa Sama'ilu. Na kasa dannawa, Umma ce ta danna.

Iska ce ta fara fitowa, sai haki.

"Ke Bahijja. Ki ce wa Ummanki a ba baƙi abinci, kada wanda ya tashi. Ina gona. Tun da aka sauko masallaci nake janye ƙayar nan, ashe jibgewa ta fi janyewa sauƙi."

Ya tsaya yana haki. A bayansa muna jin kukan shanu da takunsu, suna wucewa, da yawa.

"Kuma kin ga, ta sake yage min wando. Ba zan shiga gaban mutane a haka ba." Ya yi gyaran murya. "Ki duba cikin kayan Yaya Lawal ko akwai wanda zai yi min."

Na juyo zan kalli Umma, ba ta wurin. Tana durƙushe gaban baƙar adaka, mukulli a hannunta. Ta buɗe, ƙamshin turaren Abba ya cika ɗakin. Ta ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya har ta zaro wani farin wando na shadda, wanda yake zuwa Idi da shi. Ta warware shi ta ɗaga sama tana auna tsawonsa da ido, tana dariya hawaye na zuba.

"Kin tsaya kina kallona," ta ce. "Miƙo min dutsen guga, yanzu zai iso."